Tagar da Kaka Ta Hana a Rufe

A Jidda ba mu san wutar jin ɗumi ba. Wutar da na tashi na gani ita ce ta kaskon gyaɗar kakata, a saman rufin gidan da muke haya a tsohuwar unguwar Balad, tsohon gini na dutsen teku wanda bangonsa ke zubar da gari kamar gishiri. Bayan Magariba takan hura gawayi, ta zuba yashi a kasko, ta soya gyaɗar da za ta kai bakin kasuwa da safe. Mu jikoki aikinmu murza ɓawo da ƙullawa a leda. Ladanmu tatsuniya, in ta ga dama.

Ba tsohuwa mai taushi ba ce. Yaran maƙwabta suna kiran kakanninsu Sitti. Na gwada sau ɗaya, ta ɗana mini cokalin suya a gwiwa.

"Ni ba Sittin kowa ba ce," in ji ta. "Kaka. Maimaita."

Daga Azbin ta fito, wani ƙauye a gindin dutsen Bagzan, inda ta ce ruwa kan daskare a cikin salka. Ta zo aikin Hajji da mijinta tana amarya, ya rasu, ta zauna. Babana, Hamza, shi ne ɗanta na fari, a nan Jidda ta haife shi. Bisa al'adarsu ba ta kiran sunansa, ba ta kuma yi masa magana kai tsaye. In tana da saƙo, ta kanmu yake bi. Shi kuwa, da ya tashi cikin 'yan Hijaz masu sumbatar goshin iyayensu mata, bai ɗauki wannan a matsayin kunya ba. Ƙiyayya ya ɗauke shi.

Baba direba ne a gidan kafilinsa, ubangidan da ya tsaya masa a takardun zama, a unguwar Abhur. Wata shekara kafilin ya ce ya tafi duwatsun kudu, can sama da Abha, ya yi gadin gidan hutunsu har ɗari ya wuce. Ƙin zuwa na iya taɓa iƙamarsa, takardar izinin zamansa a ƙasar, saboda haka ya amsa. Ya sayi rigar sanyi guda, irin wadda ake sawa a ofis in na'urar sanyaya ɗaki ta yi ƙarfi, ya ce ya gama shiri.

Ana gobe zai tafi, ya hawo rufin da kofin shayinsa, ya jingina da bakin ƙofa. Kaka ba ta ɗaga kai ba.

"Ga wata tafe," in ji ta. "Mai kunne ya matso. Marar kunne ya tsaya can yana shan shayinsa."

Labarin wasu 'yan'uwa biyu ne, fataken gishiri daga ƙasa mai zafi, waɗanda hanya ta bi da su ta kan wani dogon dutse. Tun suna tsakiyar hawa iska ta fara yankar kunnuwansu. Hazo ya rufe, har mutum ba ya ganin jelar jakinsa. Ruwan salkarsu ya zama dutse. Kafin rana ta faɗi yatsunsu sun daina jin igiya. Suka tarar da ƙananan koguna biyu, kowa ya shiga ɗaya da ɗan garwashinsa.

A kan dutsen nan, in ji Kaka, akwai wata tsohuwa, ita ce sanyi. Murya biyu gare ta. Da ta waje take ihu, tana zagi, tana jifa da ƙanƙara. Da ta ciki kuwa raɗa take yi. A nan Kaka ta sassauta murya, irin sassautawar da ba ta taɓa yi mana ba.

"Rufe, ɗana. Toshe ko'ina. Jawo wutar kusa, ka huta."

Wan ya ji raɗar. Ya toshe bakin kogonsa da bargo da buhunan gishiri, ya jawo garwashi, ya ji daɗi, ya yi barci. Ƙanen ya bar kafa a buɗe, iska tana shigowa tana dukansa, ya kwana haƙoransa suna karo, yana tsine wa dutsen da wanda ya nuna musu hanyar. Da gari ya waye ya rarrafa ya yaye bargon wansa. Ya same shi kwance lafiya lau, fuska a sake, tokar gefensa da sauran ɗumi. Babu rai.

Ƙanwata ta ce, "Kaka, to me ya kashe shi, tunda ya ji ɗumi?"

"Wutar ta cinye numfashin kogon, sannan ta juyo ta ci nasa. Ta ƙare. Ku ƙulla mini gyaɗa."

Baba ya yi dariya ta hanci. "Halas, ya isa haka, ya ummi, a daina tsorata yara. Abha ce, ba lahira ba. Mutane tururuwa suke yi can shan iska."

Kaka ta nuna ni da cokali. "Kai, mijin banza, gaya wa mai shayin can da rani suke zuwa. Ka kuma tambaye shi me ya sa masu gidan ke gudowa, su tura bare ya kwana musu."

Ban gaya masa ba. Ya ji da kunnensa.

Da safe ya dawo rufin ɗaukar ƙaramin murhun gawayi da ba a amfani da shi. Kaka ta ɗora ƙafa a kai.

"Hamza."

Mahaifiyata, wadda ke shanya, ta tsaya da zane a hannu. Ni ban taɓa jin sunan nan a bakin Kaka ba. Shi ma bai taɓa ji ba.

"In ka kwana da garwashi a ɗaki ka rufe taga, ban yafe maka nonon da ka sha ba."

Fuskar Baba ta canza. "Yau kika san sunana," in ji shi, "don ki yi mini baki a gaban 'ya'yana?" Ya fizge murhun ya sauka, ko sallama babu.

Abin da ya faru can, daga bakinsa na ji, yana gaya wa mahaifiyata. Su biyu ne a gidan, shi da Malam Isiya, wani lebura da ya zo Umra daga Najeriya ya zauna. Wani yammaci ƙanƙara ta sauko, hazo ya biyo baya, wutar lantarki ta ɗauke, ruwa ya daskare a famfo. Suka hura gawayi suka shiga da shi ɗaki. Baba ya bar taga a buɗe kamar faɗin tafin hannu. Ya ce bai yarda da tatsuniyar ba ko kaɗan, bakin uwa kawai yake tsoro.

Isiya ya roƙe shi ya rufe. Ya ƙi. Suka yi cacar baki.

"Kai ɗan Jidda ne, ba ka san sanyi ba," in ji Isiya. "Mu a gida da garwashi muke kwana tun muna yara."

Gaskiya ya faɗa, sai dai ɗakunan da ya saba da su suna shan iska ta rufi da ƙarƙashin ƙofa. Wannan gidan siminti ne da gilashi, an yi shi ne don kada iska ta shiga. Isiya ya ɗebi garwashi a gwangwani, ya koma ɗan ɗakin ajiya, ya toshe ƙasan ƙofar da buhu. Baba ya kwana yana rawar ɗari, yana jin haushin uwarsa. Da asuba ya je tashinsa sallah, ya tarar babu rai.

Hanyar da ƙanƙara ta toshe ba ta buɗe ba sai washegari. Baba ya zauna da gawar shi kaɗai, iska tana dukan gilashi.

Ya dawo Jidda kunnuwansa sun tsattsage, yatsun ƙafarsa biyu sun yi baƙi, ba su sake jin taɓi ba. Ya hawo rufin bayan Magariba, ya dire murhun a gaban Kaka. Na zaci zai durƙusa. Bai durƙusa ba.

"Isiya ya mutu," in ji shi.

Kaka ta ci gaba da juya gyaɗa. Can ta dube ni. "Tambaye shi ko an yi wa mutumin sallah."

Ba ta sake kiran sunansa ba har ta koma ga Allah.

Yau aikina karanta labarai a rediyo. Kusan duk lokacin sanyi sai labarin wasu da aka tarar a rufaffen ɗaki da gawayi ya biyo ta gabana, in karanta shi da murya daidai, yadda aka koya mini. Ina yaro na ɗauka darasin Kaka a kan taga yake. Daga baya na lura cewa a duk tatsuniyar muryar da ta yi laushi ce ta yi kisa. Kaka ta san ɗanta ba zai ji lallashi ba, ta kuma san abin da furucin nan zai jawo mata a wurinsa. Ta zaɓi ya dawo yana jin haushinta.

Baba yanzu ya tsufa, yana zaune da mu a unguwar Kurayyat. Ko a tsakiyar zafi, na'urar sanyaya ɗaki tana aiki, tagar ɗakinsa a buɗe take kamar faɗin tafin hannu. Kwanan baya ɗiyata ta je za ta rufe, ya daka mata tsawa. Na ce, "Baba, ashe dai Kaka ta yi gaskiya."

"Matar nan ba ta iya magana ba," in ji shi. Ya miƙa sandarsa ya ƙara tura tagar.