Awalu Direba da Tsofaffin 'Yan Takai

Duk wanda ya daɗe yana bin hanyar Parakou zuwa Djougou ya san Awalu Direba, ko da bai riƙe sunansa ba. Shi ne dogon nan mai farar Fijo, wanda ba ya kunna rediyo a mota, sai dai ya riƙa kaɗa sitiyari da yatsu tun daga tasha har a sauka. Fasinjoji sun ɗauka ɗabi'ar direbobi ce ta korar barci. 'Yan garinsu ne kaɗai suka san kiɗan takai yake bi.

A Djougou aka haife shi, a gidan da kakanninsa fataken goro suka kafa. Mahaifinsa yana da rumfa a kasuwa, kuma ya so ɗan ya gaje shi. Awalu ya iya kwance huhu da yayyafa wa goro ruwa tun yana ƙarami, amma da ya ji ganga daga nesa sai hankalinsa ya bar rumfar. Ranakun salla samarin unguwa sukan fito fili riƙe da gajerun sanduna, su yi da'ira, mai ganga a tsakiya. Kowa ya juya ya haɗa sanda da na gabansa, ya sake juyawa ya haɗa da na bayansa, ƙarar ta fita tare kamar sanda ɗaya ce aka buga. Wanda ya makara sai ya sha a yatsa, wani lokaci a goshi.

Ranar da aka fara barin Awalu ya shiga da'ira, wanda ya tsaya a bayansa wani gajere ne mai surutu, ɗan mahautan unguwa, ana kiransa Ɗanbala. Ba a je ko'ina ba Ɗanbala ya sauke masa sanda a babban yatsa. Suka ajiye rawa suka yi dambe, manya suka raba su, aka tilasta musu komawa wuri ɗaya su ƙarasa. Daga wannan rana ba wanda ya sake shiga tsakaninsu a da'ira.

Suna samari aka shiga zamanin da gwamnati take son kowane gari ya fitar da ƙungiyar wasan gargajiya. Aka zaɓe su, aka kawo su Parakou a bayan babbar mota, suka hau jirgin ƙasa zuwa Cotonou. Can Awalu ya fara taka dandamalin katako. Ya ce abin da ya fi burge shi ba taron jama'a ba ne, yadda katakon yake amsa ƙafa ne, ka taka ya mayar maka da amo. Ɗanbala kuwa da aka kai su bakin teku ya ƙi matsawa, ya ce ruwan da ba a ganin ƙarshensa ba na kallo ba ne.

Rawa ba ta ciyar da gida, don haka kowa ya kama sana'a. Awalu ya yi karen mota, ya zama direba, ya auri Hadjo, suka zauna a unguwar Albarika cikin Parakou. Ɗanbala ya gaji teburin naman mahaifinsa a Djougou. Amma duk lodin da Awalu ya sauke a garin, sai ya biya ta wurin abokinsa, su yi gardama a kan abin da bai kai ya kawo ba, ya karɓi tsire ya wuce. Duk Juma'a bayan la'asar kuma suna filin gwaji tare da ƙungiya. A haka suka aurar da 'ya'ya, a haka furfura ta same su.

Sannu a hankali ƙungiyar ta koma hannun matasa. Shugabanta ya zama Zulkifli, ɗan wani abokinsu da ya rasu, yaro mai ladabi da kaifin ƙafa. Ya ƙara wa kiɗan sauri, ya shigo da tsalle da alkafura, kuma jama'a suna so. Ana shirin wani babban wasa ya zo ya sami dattawan da goro a hannu, ya durƙusa. Ya ce yanzu su ne iyayen ƙungiya, bai kamata a bar su suna haki a gaban jikokinsu ba, an tanadar musu kujeru a sahun gaba. Babu wulaƙanci a maganarsa, shi ya sa ma suka karɓi goron. Ranar wasa suka zauna cikin manyan riguna, ana ta zuwa gaishe su. Awalu ya dafe gwiwarsa da hannu biyu har aka tashi, don ƙafar ta ƙi zama wuri ɗaya.

A shekarar ya miƙa wa ɗansa makullin mota. Sai ya zama daga masallaci sai tabarma a ƙofar gida. Hadjo ta zuba masa ido na wani lokaci, rannan tana kawo masa koko ta tsaya a kansa.

"Malam, Zulkifli dandamali ya hana ku, ko ƙafafunku ya karɓe?"

Ta ce yayanta yana da gonar kaju, wato yazawa, a Tourou nan bayan gari, akwai inuwa, ƙasar kuma a share take, ba mai kallo sai awaki. Ta juya ta koma madafa.

Awalu ya bi tsofaffin abokan wasa da ke Parakou gida-gida. Wani ya ce bayansa, wani ya ce ya je Makka ya dawo, me mutane za su ce. Wasu kuwa kafin ya rufe baki sun shiga ɗaki neman sanda. Ya samo Muhammad Amin mai ganga, wanda shi ma matasa suka ce hannunsa ya yi sanyi. Suka fara haɗuwa a ƙarƙashin kaju. Idan numfashi ya ƙare sai a zauna, a sha ruwa, a yi wa juna dariya, a sake tashi.

Abu ɗaya ne ya rage wa Awalu daɗin abin. Duk juyawar da zai yi baya, sai ya ga wata fuska daban, ba ta Ɗanbala ba. Ɗanbala a lokacin idanunsa sun fara dushewa. Da farko ya ɓoye, har ya yanke a hannu yana fiɗa. Likita ya ce jijiyar idon ce ta lalace, ba irin wadda ake gyarawa da aiki ba. 'Yarsa Khalida, ungozoma a wani asibiti a Parakou, ta je ta ɗauko shi ta kawo gidanta. Mutumin da a da ake roƙo ya yi shiru, sai ga shi a kusurwar ɗaki, ka gaishe shi ya amsa da kalma ɗaya. Sakwarar da aka ajiye masa takan huce a wurin.

Awalu ya roƙi Khalida ta bar shi ya riƙa kai mahaifinta gonar, ya zauna ya ji kiɗa kawai. Ta yarda. Zuwan farko Ɗanbala sauraro kawai ya yi. A na biyu ya ɗaga murya daga inda yake zaune ya ce akwai mai makara a ɓangaren hagu, ya kuma faɗi sunansa, kuma shi ɗin ne. Daga nan bakinsa ya buɗe, ba wanda ya tsira. Wata rana ana tsakiyar kiɗa ya miƙe ya ce a ba shi sanda. Aka yi cirko-cirko. Awalu ya kama hannunsa ya tsayar da shi a bayansa.

Ƙafar ba ta manta komai ba. Juyi na farko ya tafi daidai, na biyu ma. A na gaba Awalu ya kawo sanda, Ɗanbala ya ɗaga tasa ta wani wajen, ta Awalu ta sauka a girarsa. Jini ya wanke masa fuska. Shi dariya ma yake yi, amma da Khalida ta ga an shigo da shi da tsumma a goshi, sai ta ɗauko kayan aikinta. Ta ɗinke wurin da hannunta, sannan ta rako Awalu ƙofa.

"Baba Awalu, amana na ba ku. Ido ya riga ya tafi, kuna so kan ma ya bi shi?"

Ya ce ta yi gaskiya, ya ba ta haƙuri, ya tafi. Ya daina zuwa gidan sai dai ya aiko da gaisuwa. Amma abin bai bar ransa ba. Ya lura abokinsa yana jin ganga, yana jin takun kowa, sandar da ke tahowa ce kaɗai ba ta da murya sai ta riga ta iso. Ya je wurin wani maƙeri ya sa aka ƙera masa ƙaramin akayau, irin ƙarfen nan mai kacau-kacau da 'yan rawa ke ɗaurawa a ƙafa, ya ɗaura shi a wuyan sandarsa. Ya rufe idonsa da rawani, ya sa Hadjo ta riƙa kawo masa sandar a tsakar gida yana tarewa. Ya sha duka ba kaɗan ba, kuma ya ce yana zargin wasu da gangan ne. Amma a ƙarshe ya fara tarewa.

Bai kai ga zuwa roƙo ba Khalida ta zo da kanta. Ta ce tun da aka hana mahaifinta fita ya koma gidan jiya, ba ci ba magana. Ta ce da safen nan ta leƙo ta taga ta same shi a tsakar gida shi kaɗai, riƙe da muciya, yana juyi yana haɗa ta da iska. Ta ce ta tsaya tana kallo har ta makara wurin aiki. Awalu ya ɗauko sandar ya girgiza mata, ya bayyana mata dabarar. Ta jujjuya ta a hannu.

"Na yarda, amma da ni za a riƙa zuwa. In na ce a tsaya, a tsaya."

Haka aka yi. Aka ɗaura wa sandar wanda ke bayan Ɗanbala irin wannan akayau, mai ɗan kaurin murya don ya bambance su. Muhammad Amin ya sassauta kiɗan, sai ga shi sassaucin ya fito da wasu taku na da waɗanda sauri ya haɗiye. Khalida tana ɗaukar su a waya don ta nuna wa 'yan uwanta, daga nan hoton ya yi ta yawo har ya kai hannun Zulkifli. Wata Juma'a sai ga shi a gonar a kan babur. Ya gaishe su ya zauna a gindin kaju har aka gama. Da zai tafi ya ce akwai wasa a gidan matasa na Djougou bayan salla, yana roƙon su buɗe taron. Ya kuma roƙi a koya wa yaransa wani juyi da ya gani, wanda rabonsa da shi tun mahaifinsa yana raye.

Dandamali ba gona ba ne, yana da baki, kuma faɗowa daga kansa ba wasa ba ce. Khalida ta je tun da hantsi da igiya mai kauri, ta sa aka kafe ta da ƙusa a kan katakon, ta zagaye inda da'irar za ta bi, yadda ƙafar mahaifinta za ta ji iyaka. Bayan la'asar wurin ya cika. Da dattawan suka hau, ana riƙe da hannun ɗaya, yara suka fara 'yar dariya. Ganga ta tashi, sandunan suka haɗu, ƙara ɗaya tak, sai wurin ya yi tsit.

Ba su yi tsalle ba, ba su yi sauri ba. Rigunansu suna buɗewa a kowane juyi, katako yana amsa musu. Can tsakiya gwiwar Awalu ta riƙe shi, ya makara, sandar Ɗanbala ta sari iska. Ɗanbala bai tsaya ba, ya ce da ƙarfi yadda na baya ma suka ji, "Awalu, ka tsufa." Jama'a suka fashe da dariya, mata suka ɗauki guɗa, su kuma suka haɗu daidai a juyi na gaba suka ƙarasa. Tsofaffin abokan cinikin Ɗanbala suka yi ta hawowa suna kama hannunsa, yana gane su da murya, yana tuna wa kowa irin naman da yake so. Awalu kuwa sai da aka tallafe shi ya sauko, ya yi kwanaki Hadjo tana gasa masa gwiwar tana shafa man kaɗe.

Tun daga nan ana kiransu wasa nan da can, su je wanda jiki ya yarda. Ɗaya daga cikinsu ya rasu da damina, aka yi masa addu'a a gonar, aka matso da da'irar. Wanda ya ce ya je Makka ya dawo, shi ma yanzu yana zuwa, wai kallo.

Kwanan baya suna hutawa wata dattijuwa ta shigo gonar da ƙwaryar cukun wagashi a ka. Ta ce sunanta Fatchima, daga ƙauyen Partago take kawo kaya, kuma tana cikin masu guɗa a Djougou ranar nan. Ta ce ita da ƙawayenta ma sun yi tashe a kiɗan ƙwarya, wasu suna nan cikin Parakou wurin 'ya'yansu ba abin da suke yi sai raino, ko inuwar nan za ta ishi mata su ma? Awalu ya ce gonar ta surukinsa ce, sai ya tambayi mai ɗakinsa. Ya waiwaya inda Hadjo take zaune da tulun ruwa. Ta riga ta miƙe, ta cire gyale tana ɗaurawa a ƙugu, tana tambayar Fatchima wace rana ce ta fi musu sauƙi.