Igiyar da ke riƙe dutse

Shekarun baya, ƙanina ya samu aiki a wata mahaƙar zinare a Gana, irin wadda ake shiga can ƙarƙashin ƙasa. Mahaifiyata ba ta so ba. Tun tana budurwa rijiya ta rufta da yayanta, don haka ko zancen rami ba ta son ji.

Da ya zo hutu gidanmu a Dala, sai ya ciro guntun igiyar ƙarfe daga jaka, wayoyi ne aka murɗe, kaurinta kamar babban yatsana. Ya ce da irinta ake riƙe dutsen da ke saman kansu. Ni kuwa da shegen son sani, na ja kujera na zauna. A zatona naɗe dutsen ake yi kamar damin itace. Da na faɗa, dariya ya yi har da tari.

Ya ce a'a, huda rufin ake yi da inji, rami mai zurfi, a tura igiyar ciki, tsawonta ya fi daga zaurenmu zuwa madafi. Sai a ɗura siminti, in ya kama a sa farantin ƙarfe a bakin ramin a ɗaure tamau. Dutsen ƙasa mai tsaga sai ya rataya a jikin lafiyayyen da ke can sama. Na yi ta jero tambayoyi: ba ta tsatsa? In ta gaji fa?

Mahaifiyata tana gefe tana tsintar wake, kamar ba ta ji. Can ta ce, ba ta ko ɗago ba, "Kafin a sa igiyar, wa ke tsayawa a ƙarƙashi?"

Ƙanina ya ce, "Mu ne, Inna. Aikina ke nan."

Ta daɗe tana kallonsa. "To, in ka ga babbanku yana gaggawa, ka bar masa gaggawarsa. Allah Ya tsare." Ranar ta fara sa wa aikin albarka.

Ya yi shekarunsa ya dawo lafiya, yanzu kayan gini yake sayarwa a Yakasai. Har yau in na tuna ina jin 'yar kunya. Na yini ina tambayar yadda dutse yake, ban tuna na tambayi inda ƙanina yake tsayawa ba.