Wayoyin Sun Ƙi Shi, Kabiru Ya Tsaya Masa

Yau shekara huɗu ke nan da aka tsinci gawar aminina Injiniya Kabiru a bakin titin Kubwa, da rana tsaka, an wurgo shi daga mota tana gudu. Ni na je na shaida shi. Da takalminsa na gane shi, don fuskar ba ta ganuwa. Har yau raina bai huce ba.

Kabiru ne ya ƙera manhajar da wayoyin direbobi da fasinjojin hanyarmu ke magana da juna kai tsaye, ba sai da sabis ba. Kowace waya ta miƙa wa ta kusa da ita saƙo, har gargaɗi kan 'yan wan-cans, masu ɗaukar fasinja su yi masa fashi, ya karaɗe hanya. Kowacce kuma tana sa wa maƙwabciyarta ido. Mai isar da saƙo mutuncinta ya ƙaru, mai haɗiye shi a daina yarda da ita. Na sha tsokanarsa cewa ya koya wa wayoyi gulma. Sai ya ce, "Shaida ce, Malam, irin ta unguwa. Hali zanen dutse."

Ana nan wayoyin suka juya wa wani direba baya, don duk gargaɗin da ya biyo ta wayarsa a nan yake mutuwa. Direban ya samu Kabiru a Dutse Alhaji yana rantse-rantse: "Haba Oga, ni ɗan Zariya ne kamarka! Batirina ne ya lalace." Kabiru ga kunya. Na ce kada ya kuskura, ya ce ba zai tozarta ɗan garinsu kan maganar waya ba. Da hannunsa ya mayar masa da mutuncinsa a cikin manhajar.

Motar mutumin Kabiru ya shiga ranar da aka kashe shi. Wata mata da ta tsira ta ce da guduma suka farfasa masa yatsu, sannan suka caccake shi da wuƙa, yana kiran direban da sunansa.

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Abokan aikinsa sun toshe ƙofar da ya bar wa kansa a cikin manhajar, yanzu ba mai iya tsaya wa kowa. Ko me zai ce in ya gani? Ina jin zai ce sun kyauta, amma ba zai ji daɗi ba, don mutum ne mai son yafiya.

Kullum safe sai na duba wayata kafin in shiga mota. In ta ce a'a, ko direban ɗan unguwarmu ne, ba na shiga. Abin da Kabiru ya ƙera bai yi masa ƙarya ba, shi ne ya ji kunya. Allah ya jiƙansa.