Neman Mai Jirgi a Boɗinga

Daga Kajiji zuwa Shagari

Ana sallame asuba na bar ƙauyenmu da ke gefen Kajiji, bisa jakin aro, da kwandon albasa na gaisuwa a bayana. Ku jikokina masu manyan takardu da kuka matsa sai na rubuta wannan tafiya, ku gyara zama. Ni ma na yi elemantare har aji biyu, inda ni da malaminmu muka yi shawara muka ga ilmin ya ishe ni haka nan.

Zamanin babban yaƙin Turawa ne, sa'ad da ake raɗe-raɗin Faransawan arewa da mu za su iya faɗo mana ko yaushe. Ƙarshen bazara wani ƙaramin jirgin sama na soja ya yi tari ya sauka a fadamar wana, Yaya Ummaru, wanda shi ne mai unguwarmu. Aka zo da mota aka ɗauki matuƙin, aka bar jirgin. Di'o da kansa ya tsaya gaban jama'a ya ce jirgi yana wuyan Yaya: in aka taɓa shi, gidan yari, in ya lalace, gidan yari. Ya hau doki ya tafi rangadi bakin iyaka.

Sai damina ta faɗi. Fadamar nan kuwa duk shekara tafki take komawa, har ta shanye mutum a tsaye. Ranar da na tashi, ruwa ya riga ya lashi ƙafafun jirgin. A ja shi tudu laifi, a bar shi laifi. Uban ƙasa ya ce abin da Bature ya ɗaure ba ya kwance shi, amma ya ji manyan sojan sama sun kafa tantuna a barikin Boɗinga suna duban wurin filin jirgi. A je a nemi mai jirgin. Da yake ni kaɗai ne a gidanmu na san Turancin zo da na tafi, aka ce ni.

Na iske Yaya a bakin fadama da sandarsa.

Ya ce, "Bawa, ka ga ɗiyana takwas. Kak ka tsaya surutun nan naka bisa hanya."

Na ce, "Yaya, yaushe nit taɓa surutu?"

Bai yi dariya ba. A nan na san abin ya kai inda ya kai.

Shagari

Hantsi ya ɗaga na shiga Shagari, na bar jakin gidan wata gwaggonmu, na sha hura da nono a tsaye. A bakin hanya na iske motar fatu za ta Sakkwato, direbanta wani Sahabi yana kwance ƙarƙashin gawo. An gitta itace an rufe hanya. Dokar lokacin ke nan: in aka yi ruwa, mota ba ta taka hanya sai hanyar ta sha iska, don kada a kwaɓe ta.

Na durƙusa wa ɗan dokan da ke tsaron shingen, na gaya masa ran mutum nake ɗauke da shi.

Ya ce, "Kowa da ran mutum shika zuwa nan. Jiya wani da ran akuya yaz zo."

Ya taka hanya da dugadugi, ya duba sawun, ya koma ya zauna. Haka ya riƙa yi, ni kuwa ina kallon gabas, inda hadari ya yi baƙi kamar gindin tukunya. Sai bayan azahar ya ɗage itacen. Na biya Sahabi sisi, na hau bisa fatun. Warin da na sha ba zan rubuta shi ba, don akwai masu karatu suna cin abinci.

Sau biyu muka kafe, muka sauka muka tura. Gab da Boɗinga sojoji suka tare mu, suka sauke kowa, suna neman 'yan leƙen asirin Faransa. Wani ya soka bakin bindigarsa cikin kwandona ya juya. Albasa dai ba ta faɗi komai ba, aka sake mu. Na sauka gidan surukina Malam Isa, mai makarantar allo a bayan kasuwa, ana kiran magariba. Ya ba ni tuwon gero da miyar kuka. Muna ci aka soma yayyafi, na tsame hannu na leƙa waje.

Boɗinga, rana ta farko

Da safe na nufi bariki. An kewaye shi da waya, tantuna jere, ga wani dogon ƙarfe da suke magana da shi cikin iska. Allah ya haɗa ni da tafintansu, Saje Modu, Babarbare mai zane har haɓa. Da ya ji daga ƙasar Shagari nake, ya ce, "Af, bawana ne ya kawo gaisuwa." Na ce masa tun kakanni mu ke da su. Da wannan wasan na Barebari da Fulani ya karɓi albasa, ya zama ƙofata, don ni a sanina ba a shiga fada sai da ƙofa.

Na ce ya kai ni wurin mai jirgi. Ya dube ni da tausayi, ya tsuguna ya yi zane a ƙasa da tsinke.

Ya ce, "Nan sama Kwamanda, shi ba ya ganin kowa sai manyansa uku. Na farko shi ke da tashi da yaƙi. Mai taswira, da mai waya, da mai duban hadari, da mai tattara labarin abokan gaba duk yaransa ne. Na biyu shi ke da mutane da cikinsu: abinci, sito, motoci, likita. Na uku babban injiniya, shi ke da gyara. Kowa da rijiyarsa, ba mai leƙa ta wani."

Na ce, "Na gane. Sarki, da Sarkin Yaƙi, da Ajiya, da Sarkin Maƙera."

Ya ce, "In haka ya fi maka sauƙi."

Muka fara da Sarkin Yaƙi. Wani siriri ne mai jan gashin baki, ya duƙufa bisa taswira. Na tuɓe takalma, na zube, na soma gaisuwa yadda aka koya mini. Bai bari na kai ga gajiya ba ya jefo tambaya. Saje ya ce, "Yana tambaya, yaya jirgin yake?"

Na ce, "Lahiya lau, ranka shi daɗe."

To ku gaya mini, ɗan wa zai buɗe baki gaban babba da mugun labari? A gidanmu ko gobara ka zo faɗa, sai ka ce lafiya sau uku, a tambayi gida, a tambayi dabbobi, sannan ka ce sai dai ɗan abin da ba a rasa ba. Ina nan ina shirya ɗan abin da ba a rasa ba, Saje ya riga ya juya maganata, Bature ya ɗaga yatsa, wani soja ya kama ni a hammata ya fitar.

A waje na ce, "Saje, ban gama ba."

Ya ce, "Shi ya gama. An tambaye ka, ka amsa. Yanzu zai aika ko'ina cewa jirgi lafiya."

Na roƙe shi mu koma, ya leƙa, aka ce jirgin da ba ya tashi ma ba na wannan tanti ba ne, a je wurin injiniya. Injiniya muka same shi ƙarƙashin wata mota, baƙin mai har gwiwar hannu. Shi kam ya saurare ni, har ya ɓata fuska. Amma ya ce ba ya motsa jirgi sai Sarkin Yaƙi ya ce ya lalace, ga shi yanzun nan aka aiko masa cewa lafiya yake. Kuma ko zai je, mota da igiya na Ajiya ne. Ajiya, wani mai tumbi da makullai, ya ce yana ba da mota in injiniya ya nema, kuma jirgi ba ya zama nasa sai ya mutu an kawo gawarsa sito.

Na ce, "Saje, jirgin ga maraya na?"

Ya ce, "Ubanni uku gare shi, shi ya sa."

La'asar sakaliya sama ta ɓalle. Na fake ƙarƙashin wata motar soja, ina kallon ruwa yana gudu a ƙasa, ina auna shi da idona a jikin Yaya: yanzu gwiwa, yanzu cinya.

Boɗinga, rana ta biyu

Saje ya gaya mini abu ɗaya kafin mu rabu. Kowace safiya, bayan shayi, manyan nan uku suna zama gaban Kwamanda a barandar bariki, kowa ya faɗi abin da ke hannunsa. Nan kaɗai rijiyoyin ke haɗuwa. Ya ce ko shi ba ya taka wurin sai an kira shi, kuma mai gadin an ba shi iznin harbi.

Malam Isa ya yi mini addu'a ya tofa mini a ka, bai ce in je ba, bai ce kar in je ba. Na isa na tsaya bakin waya har na ga sun zauna, su huɗu, da wani mai rubutu a gefe. Na cire hula da takalma. Kuka irin na talaka gaban sarki na sani, wanda ba a korar mai yin sa; abin da ban sani ba shi ne ko mai gadin ya san da wannan.

Na ratsa ta gefensa da gudu. Na ji ƙarar ƙarfen bindiga a bayana, ƙwas, ya daka tsawa. Ban waiwaya ba, don ƙafafuna ba su ba ni dama ba. Na faɗi rub da ciki gindin matakala, na damƙi caɓo na shafa a ka, tunda ƙura ta ƙare a garin. Kujeru suka yi ƙara. Bakin bindiga ya sauka tsakanin kafaɗuna, sanyi ƙalau.

Sai na ji muryar Saje yana haki, yana zuba Turanci. Sannan ya ce da ni ƙasa-ƙasa, "Faɗi, bawan banza, igiyoyin muƙamina na hannunka. Kar ka gaishe shi."

Na ce, "Ruwa na cin jirginku. Gobe war haka ba ku ganin ko wutsiyatai. An hana mu taɓa shi, in ya nutse wana za a ɗaure."

Tunda aka haife ni ban taɓa yi wa babba magana tsirara haka ba. Har yau in na tuna ina jin kunya.

Kwamandan ɗan tsoho ne, ba shi da ko tumbin kirki. Da a kasuwa na gan shi sai in ce akawu ne. Ya dubi mutanensa ɗaya bayan ɗaya ya yi tambaya gajera. Kowa ya amsa, kowa yana nuna na kusa da shi da ido. Mai jan gashin baki ya nuno ni ya faɗi wani abu, na tabbata lafiya lau ɗina ce ya tono. Tsohon ya ɗaga hannu. Ya nuna injiniya, ya nuna mai makullai, ya nuna Sarkin Yaƙi, kowa da kalma biyu uku. Saje ya ce, "Injiniya ya tafi yanzu, a ba shi mota da igiya, a buga wa Di'o waya. Tashi, ka ɓata musu matakala." Aka ɗauke bindigar daga bayana.

Komowa

Muka fito da babbar mota, ni da Saje da injiniya da makanikai. A Shagari hanya rufe take. Ɗan dokan nan ya taso zai taka ƙasa da dugadugi, ya hango Bature, ya ɗage itacen har da sarawa. Na gaishe shi daga sama, a natse, kamar yadda ya kamata. Bayan Kajiji mota ta kafe har ciki, muka saɓa igiyoyi muka ƙarasa a ƙasa.

Fadama ta zama tafki. Ruwa ya kai cikin jirgin, saura kaɗan ya hau fikafikai. Mazan unguwa, har da wakilin uban ƙasa, duk suna bakin ruwa da shanun noma, sun yi cirko-cirko, ba mai iya matsawa. Yaya kuwa yana ciki har ƙirji, ya tokare da sanda, yana ture itacen da ruwa ke kawowa don kada ya bugi jirgin. An ce tun jiya yake nan, salla kaɗai ke fitar da shi.

Injiniya ya shiga da tufafinsa ya ɗaura igiyoyi. Muka ja, mutane da shanu. Igiya ɗaya ta tsinke ta zubar da mutum goma. Jirgin ya ƙi, ya ƙi, sannan laka ta sake shi da wani irin nishi, ya biyo mu baya-baya har tudu. Injiniya ya sa Saje ya faɗa da ƙarfi gaban wakilin uban ƙasa cewa daga yau jirgi ya fita wuyan mai unguwa.

Aka fito da Yaya a riƙe, ƙafafunsa sun yi fari sun kumbura. Ya ce a tambayi Bature ko yana iya taɓawa. Aka ce ya taɓa. Ya ɗora tafin hannu wajen wutsiya, ya danna, abin ya lotsa. Ya sake dannawa.

Ya ce, "Bawa, ashe yadi na anka shahwa ma fenti."

Na ce, "Haka na, Yaya."

Ya ce, "Kan yadi za ni gidan yari." Ya zauna nan ƙasa yana dariya, hawaye na zuba, har aka kawo masa kunu.

Na shiga gida ana kiran magariba, ba hula, ba takalma, jakin mutane yana Shagari. Godiya ta tabbata ga Allah da ya mai da ni, ya bar wa 'ya'yan Yaya ubansu. Malam Isa, Allah ya haskaka kabarinsa. Saje Modu kuwa, in jikokinsa na karanta wannan, su sani na yafe masa kwandona da bai maido ba.