Jakin Kaka da Masu Binciken Tsofaffi

A garinmu Tama, lokacin da muke yara, da an idar da sallar magariba a kwanakin sanyi sai mu kewaye wutar kara a tsakar gida, yatsuna duk tawadar allo. Kakarmu Tabawa, Allah Ya jiƙanta, ta miƙe ƙafafu ta ce, "Ga ta nan tafe, wa ka tarbonta?" Mu ce mu ne. Ni take kira mijinta, yayata Habsu kuwa ita ke zama kusa da ita tana tura kara cikin wuta.

Akwai tatsuniya guda da ke ba ni haushi, ita kuwa ba ta gajiya da ita. Wai wani tsohon jaki ne ya faɗa tsohuwar rijiyar albasa a fadama. Raƙumi ya zo wucewa da igiya a wuya, ya leƙa ya ce, "Baba jaki, lahiya?" Jaki ya ce, "Lahiya lau, inuwa nika sha." Raƙumi ya wuce. Bajimin sa ya zo, aka ba shi amsa iri ɗaya. Can hadari ya taso, ƙorama ta kawo, ruwa ya kai wa jaki wuya. Sai a lokacin ya buɗe baki ya yi kuka, alhali kowa ya koma gida.

A nan Kaka take tsayawa. In ce, "Kaka, ya mutu ko ya hita?"

Ta ce, "Mijina, tahi ka tambaye shi. Lahiya lau za shi ce maka."

Abin da ban gane ba a lokacin, idon Kaka tafiya yake yi. Ta ɗauki kara ta aje shi gefen wuta, a tsammaninta ciki ta sa. In babanmu ya tambaya sai ta ce hayaƙi ne. Sai ranar da ta taka garwashi aka sani, kuma har ta koma ga Allah ba ta sake ganin fuskokinmu ba.

Bana, ga ni da furfura, wasu matasa suka zo daga Buza suna bi gida gida, suna binciken lafiyar tsofaffi: wa ke gani, wa ke ji, wa ke iya tashi ba a kama shi ba. Suka ce wanda aka samu da yanar ido za a haɗa shi da likitocin da ke aikin ido a birnin Tawa. Na yi hamdala, don Yaya Habsu ta daɗe tana lalube bango kafin ta kai ga buta.

Wata yarinya mai ladabi ta durƙusa gabanta ta ce, "Inna, yaya idonki?"

"Lahiya lau, ɗiyata, alhamdu lillahi. Ko allura ta hwaɗi ina ganinta."

Tana faɗin haka tana fuskantar turmi, yarinyar kuwa tana can hannun hagunta. Raina ya ɓaci. Na ce, "Yaya, turmi kika yi ma magana!"

Ta ce, "Kai Malam, rufe mani baki. Gaban baƙi zan zauna in kai ƙarar Ubangijina? Ya ba ni shekaru, Ya ba ni jikoki."

Na ce mata godiya wajibi ce, amma Wanda Ya saukar da cuta Shi Ya saukar da magani, kuma mutanen nan ba gaisuwa suka zo yi ba. In duk tsofaffin ƙasarmu ta Adar suka ce lafiya lau, haka za a kai labari sama, a ce ƙasar nan ba makaho ba gurgu, likita ya yi zamansa. Na ce, "Ga raƙumi da igiya bakin rijiya, Yaya."

Sai ta yi ƴar dariya. "Allah Shi jiƙan Tabawa. Zo ɗiyata, haska hitilarki. Hazo nika gani tun bara waccan."

Aka duba, aka ce yana ce, kuma irin wadda ake cirewa. Ina cikin jin daɗin nasarata sai yarinyar ta juyo ta ce, "Baba, kai hwa? Kana tashi daga tabarma ba ka dafa ƙasa ba?"

Wallahi ban san lokacin da bakina ya ce "Lahiya lau" ba.

Yaya Habsu ta tafa hannu. "Ƙarya shikai! Ni ban gani, amma tun daga masallaci nika jin ƙarar gwiwunshi. Ce mashi shi tashi."

Da ina yaro na ɗauka wautar jaki Kaka ke ba mu labari. Yanzu na gane kunya ce irin tamu, wadda muke yi wa rawani mu kira ta haƙuri, kuma Kaka daga cikin rijiyar take ba mu tatsuniyar. Na dubi tabarma, na dubi yarinyar, na miƙa mata hannu na ce, "Kama ni, ɗiyata."