Hoton Ƙarfen da Na Kai wa Baba a Mawashi

Kano, ƙarfe biyar da rabi na asuba

Ina idar da salla na bar masauki zuwa tasha. Jirginmu ya sauka jiya, bayan ƙanena Sani ya bugo waya cewa jikin Baba ya tsananta. Baba maƙeri ne, ni ne ɗansa na fari, kuma tun da na bar zuga-zugi na bi boko yake cewa na guji ƙarfe. Shekara bakwai maganar nan tana ci mini rai. A jakata akwai hoto guda, shaidar cewa ban guje shi ba.

Bichi zuwa Kankiya

Mu shida aka cusa a ƙaramar mota. A shinge na uku, bayan Tsanyawa, wani jami'i ya zazzage jakata ya ɗaga hoton.

"Wannan taswirar ina ce?"

"Cikin ƙarfe ne, ranka ya daɗe."

Bai yarda ba, sai da na yi masa karatu a bakin titi. Ƙarfen tukunyar makamashin nukiliya, in ji ni, tururin nukiliyar da ke dukansa yana haifar da iskar hiliyam a cikinsa. Ba ta narkewa, ba ta fita, sai ta taru a ƙananan ramuka ta yi kumfa. Ƙarfen ya kumbura, ya yi gautsi, alhali a ido lafiya lau. Aikina duba ko gauraya shi da wani ƙarfe mai suna kuromiyam na rage mata gudu. Minti arba'in muka ɓata, direba na ta tsaki.

Kankiya, goma saura kwata

Na sha koko da ƙosai a tsaye, ban ji ɗanɗanonsu ba. Mai babur ya ce dubu biyu zuwa Mawashi ta Kusada. Ban yi ciniki ba, ni da ba na barin ciniki.

Mawashi, sha ɗaya da rabi

Maƙerar a rufe, tokar ta yi sanyi. Baba na kwance a zaure, ya rame ƙwarai. Na durƙusa na miƙa masa hoton. Sai ya shafa takardar da yatsu, ya juya ta baya. Ashe yanar ido ta rufe masa gani tun bara, ya hana a gaya mini.

Na bayyana masa komai da baki. Ya saurara har ƙarshe.

"To, in an buga shi, mi yake cewa?"

Haka Baba ke gwada ƙarfe: ya rataye shi, ya ƙwanƙwasa, ya kasa kunne. Na ce namu bai kai farce girma ba, a bayan gilashi muke kallonsa, ba a bugawa.

"Shekara bakwai, ba ka taɓa jin muryatai ba? Ƙarhen da ya ɓaci daga ciki ba ya amsawa. Da ka tambaye ni."

Kunya ta rufe ni, da haushin kaina. Ya sa Sani ya ɗauko masabar kakanmu, gudumar ƙirar da ake ba magajin maƙera. Na gyara zama. Ya laluba, ya ɗora ta a cinyar Sani.

Ya rasu bayan la'asar washegari. Na gode wa Allah da ya kawo ni gida na same shi da rai, na gode wa mai babur ɗin da bai tsaya ko'ina ba. Da muka dawo daga maƙabarta na tarar da hoton a ƙarƙashin matashinsa, an ninke shi huɗu.