Ni Na Tare Faifan, Wani Ya Hau Jirgi

A lokacin ina saurayi ɗan makarantar sakandare a Madina, ɗan wani mai harhaɗa magunguna da ya kawo mu daga Kano muka zauna a unguwar Bani Harisa. Wasan da na iya shi ne hoki na kan ƙanƙara. Na fara zamiya a wani ƙaramin filin ƙanƙara cikin babban kanti, daga baya na shiga wata ƙungiya a Jidda, inda nake zuwa duk ƙarshen mako. Mai tsaron raga ne ni. Aikina in tsaya cikin sulke da hular ƙarfe mai rufe fuska, in tare baƙin faifan robar da ake harbowa. Ni ba ɗan ƙasa ba ne, iƙama, takardar izinin zama, nake riƙe da ita, don haka na san ba ni da gurbi a tawagar ƙasar. In zan ci gaba, sai dai a waje.

Wata rana kocinmu ya ce wata makarantar wasanni a ƙasar sanyi za ta ɗauki mai tsaron raga ɗaya. Suna son takardar tarihin wasa: tsayi, nauyi, wasannin da mutum ya buga, abin da ya fi gwanancewa a kai, sai kuma bidiyo. Na zauna zan rubuta, hannuna ya ƙi. An raine ni a kan cewa yabon kai jahilci ne. Mahaifina ya duba abin da na fara, ya ce ɗan mutunci ba ya yi wa kansa kirari, kuma bakin mutane ba shi da kyau. Ya ce in kai wa amininsa a unguwar Aƙiƙ, injiniya mai Turanci, wanda muke kira Kawu, shi ya rubuta mini ya aika. Ɗansa ne mai jiran gurbina a raga, yana zaune a benci.

Kawu ya karɓe ni da gahawa da dabino. Ya karɓi bidiyoyina duka, ya dafa kafaɗata, ya ce da Larabci ya waladi, halas, wato ɗana an gama, in je in yi barci har da saleɓa. Ban nemi ganin abin da ya rubuta ba. Wa zai ce wa aminin ubansa nuna mini?

Ɗansa aka kira. Na taya shi murna, har na raka shi filin jirgi. Bayan ya isa ne makarantar ta tuntuɓi kocinmu da tambaya guda: me ya sa yaron bidiyo yake cafke faifai da hannun dama, wanda ya zo kuma da hagu yake cafkewa? Koci ya sa suka turo masa abin da aka aika. Bidiyoyina ne, ɗaya bayan ɗaya, ƙarƙashin sunan ɗansa. Hula ta rufe fuska, rigar ƙungiya iri ɗaya, an yanke duk inda lambar baya ta fito. Tawa takardar kuwa Kawu ya tura ta ba bidiyo, ya rubuta cewa ni yaro ne mai ladabi da girmama manya.

Da mahaifina ya tunkare shi, ko gezau bai yi ba. Ya ce ai duk 'ya'yansa ne, wanda ya samu ya samar wa gida. Ya ce da dariya, ni da ko sunana ban iya faɗa da ƙarfi ba, sanyin can ai sai ya haɗiye ni. Dattawan garinmu mazauna Madina suka tara mu a gidan ɗayansu a unguwar Uhudu bayan la'asar. Babu wanda ya ce masa ya yi ƙarya. Suka ce mu baƙi ne a garin Manzon Allah, bai kamata a ji kanmu ba, in tashi in gaishe shi. Na tashi na gaishe shi, hannunsa da laushi kamar na wanda bai taɓa yi wa kowa komai ba.

An dawo da ɗansa. Makarantar ta ce ba za ta sake duba takardar kowa daga ƙungiyarmu ba. Koci ya yi ta roƙo a kaina, ba su amsa ba. Kafin in sami wata ƙofa, shekarun da ake ɗauka sun wuce ni.

Ana ce mini in yafe. Ban yafe ba, kuma ba zan yi wa masu karatu ƙaryar cewa na yafe ba. Abin da na koya shi ne, faɗin abin da ka yi daidai yadda ka yi shi shaida ce, ba alfahari ba. Matasa, ku rubuta tarihin wasanku da hannunku, ku cire hula a farkon bidiyo ku faɗi sunanku, ku aika da kanku. Iyaye kuma, ku koya wa ɗa kunya, amma kada ku ɗaure masa hannu da ita ku miƙa shi ga mutumin da shi ma yana da ɗa.